ABINCIN KAJI DA ƘYANƘYASAR ƘWAI

Jawabin da malamin gona ya yi wa manoman auduga a taron bayan kaka

  

Kun saba ji na ina maganar iri da taki da feshi. Yau maganar kaji zan yi, ga kuwa dalili. Kuɗin auduga sau ɗaya su ke shigowa a shekara, amma bukatar gida ba ta jiran ranar awo. Yaro ya kwanta ciwo, baƙo ya sauka, an yi haihuwa za a yi suna, me a ke kamawa a kai kasuwa? Kaza. Sabo da haka duk ƙwan da ya lalace a gurbi, kuɗin magani ne ko na cefane ya lalace.

Kwanan baya wata dattijuwa ta tare ni a bakin rijiya, ta ce, "Malam, ƙwai 12 na sa wa kazata. Ta kwanta kwana 21 cur, 'yan tsaki 3 ta fito da su, sauran duk baragurbi. Ko baki ne aka yi mini?" Na ce mata, "Iya, mu je gida in gani." Da muka shiga sai na tarar da kaji kusan 20, zakara ɗaya tak, tsoho, yana ɗingishi. Abincinsu dusa ce tsura. Kaskon ruwansu kuwa a bushe ya ke tun hantsi. Na ce mata, "Iya, ba wanda ya yi miki baki. Ƙwan nan sun lalace tun kazar ba ta hau kansu ba."

To, abin da na zo faɗa muku ke nan. Ƙyanƙyasa mai kyau tun daga abincin kaza da na zakara ta ke farawa, makonni kafin a yi ƙwan.

YADDA ƘWAI KE HAƊUWA

Gwaiduwa ta kan yi kwana 7 zuwa 10 tana girma a cikin kaza. Bayan haka, cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i, sai a lulluɓe ta da farin ƙwai da ɓawo, kaza ta saka. Daga ranar nan an rufe ƙofa. Ɗan tsakon da ke ciki ba ya fita kiwo, ba kuwa mai miƙa masa kome. Kamar matafiyi ne da aka ɗaure wa guzurin kwana 21. In guzurin ya cika, ya isa lafiya. In ya gaza, sai ya mutu a hanya, ko kuwa ya isa bakin ƙofa ya rasa ƙarfin fasa ɓawo.

Kaza mai cin dusa kaɗai tana iya yin ƙwai, ku soya ku ci, ba ku ga wani aibi ba. Amma ƙwan ci daban, ƙwan ƙyanƙyasa daban. Don haka wanda ke son ya sa ƙwai a gurbi, sai ya gyara abincin kajinsa tun da sauran mako 2 ko 3.

ABINCI IRI HUƊU

Na farko shi ne hatsi, watau gero, dawa, masara da dusarsu. Su ke ba kaza ƙarfi. A ɓarza su kaɗan ya fi a watsa su ɗungum. In da hali a haɗa da jar masara, gama ta kan sa gwaiduwa ta yi ja.

Na biyu shi ne abinci mai gina jiki, kuma shi ne kajinmu suka fi rashi. Masana sun ce kaza mai yin ƙwai tana bukatar wajen kashi 16 cikin 100 na abincinta ya zama mai gina jiki. Hatsi kuwa ba ya wuce kashi 9 zuwa 12. Tunkuzar gyaɗa ta haura kashi 40, wake ya haura kashi 20. Kun ga ke nan tsaba kaɗai ba ta isa. Ku ƙara musu da tunkuza ko ƙuli-ƙuli marar yaji, da garin ƙananan kifi, da wake ko waken soya. Amma fa wake da waken soya sai an soya su a kasko ko an dafa, ɗanyensu yana hana abinci narkewa a cikin kaza.

Wanda ba shi da kuɗin saye, ga gara kyauta. A sami tsohuwar tukunya, a cusa mata guntayen kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta da maraice a inda gara ke bi, a rufe ta da ciyawa don rana. Bayan kwana ɗaya ko biyu a ɗauke ta da sassafe, a zazzage wa kaji. Manoman Burkina Faso da na arewacin Gana sun daɗe suna yin haka. Sai dai a kiyaye 'yan tsaki daga zago mai babban kai, yana da cizo.

Na uku shi ne ɗanyen ganye, kamar zogale, alayyafo, rama, ganyen wake da na dankali, har da kabewa. A cikinsu ne a ke samun abin da likitoci ke kira bitamin. Rashinsa ne ke kashe ɗan tsako a tsakiyar kwanci, ko ya fito da yatsu a nannaɗe, ba ya iya tsayawa. Da rani, in ganye ya yi wuya, a shanya zogale a inuwa a daka. Ko kuma a jiƙa gero ko dawa kwana ɗaya, a tsiyaye, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana 3 har ya yi tsiro, a ba su. Tsiron hatsi yana da amfani ƙwarai ga zakara da kaza duka. In ya yi fumfuna a zubar.

Na huɗu shi ne abin yin ɓawo. Kaza ba ta da inda za ta samo shi sai a abinci, in ta rasa sai ta ciro daga ƙashinta. Shi ya sa ku ke ganin ƙwai mai taushin ɓawo, da kaza mai sanyin ƙafa. A ƙona ƙashi a daka. A daka katantanwa. A gasa ɓawon ƙwai a niƙa shi sosai, don kada kaji su gane shi su koyi fasa ƙwansu. A zuba a wani kasko dabam, mai bukata za ta ɗiba da kanta.

RUWA

Ƙwai, fiye da rabinsa ruwa ne. Kaji 10 su kan sha wajen lita 3 a yini, da bazara kuwa har su kusa ninka haka. Kazar da ta yini da ƙishirwa tana iya daina ƙwai kwanaki. A ajiye ruwa a inuwa, a wanke kasko kullum, a sake zubawa safe da la'asar. A sa tsakuwa a na 'yan tsaki don kada su nutse.

DAMINA DA RANI

Ku lura da wani abu. Da damina ƙwari da tsutsa da ɗanyar ciyawa sun yi yawa, amma rumbu ya yi ƙasa, ba tsaba. Da kaka kuwa tsaba ta wadata a masussuka, amma ƙwari da ganye suna ƙarewa. Da bazara duka biyu sun yi wuya. Mai hankali sai ya dubi abin da kaza ke samu da kanta a waje, ya cika mata abin da ta rasa. Da damina a ba ta hatsi. Da kaka da hunturu a ba ta tunkuza da ganye. Da bazara a ba ta duka, a ƙara da inuwa.

Ga haɗin da za ku iya yi a gida, ku auna da kwano ɗaya:

Ɓarzajjen hatsi, kwano 5.
Dusa, kwano 2.
Dakakkiyar tunkuza ko soyayyen wake, kwano 2.
Garin zogale, rabin kwano.
Garin ƙashi ko na katantanwa, rabin kwano.

A barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, cikin kwalin ashana ɗaya ya ishi kilo 10. Gishiri mai yawa yana kashe kaji. Kazar da ke fita kiwo, cikin tafin hannu ɗaya ya ishe ta a yini, rabi da safe, rabi da maraice. Na maraicen shi ke koya musu dawowa akurki da wuri. Wadda aka kulle ba ta fita tana bukatar wajen giram 100. A zuba a kasko ko a kwami mai tsawo, don ƙanana su ma su sami wuri. Kada a haɗa fiye da na mako ɗaya ko biyu.

Ku guji gyaɗa ko masara da ta yi fumfuna. Mu kan ce, "Ta lalace, a zuba wa kaji." Kuskure ne babba. A shekarar 1960, a ƙasar Ingila, talotalo wajen 100,000 suka mutu sabo da tunkuzar gyaɗa mai fumfuna da aka ba su. Daga nan ne masana suka gano dafin da fumfuna ke haifarwa. Ko bai kashe kaza ba, yana rage mata ƙwai, yana kuma shiga ƙwan ya kashe ɗan tsako.

MAGANAR GURYA

Yanzu ga abin da ya shafe ku, ku masu noman auduga. Gurya tana hannunku, tunkuzarta kuma, watau abin da ya rage bayan inji ya matse mai, tana kasuwa da araha. Kun ga tana ƙiba da shanun huɗa da ragunan layya, sai ku ce bari a ba kaji ma. A nan ne a ke yin hasara.

In kun je gida ku fasa gurya ɗaya, ku dubi ƙwayar da ke ciki. Za ku ga ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe. A cikinsu akwai wani dafi da masana ke kira gosifol. Babban sa da rago suna da tumbin da ke rage masa ƙarfi. Kaza ba ta da irin wannan tumbi. In ta ci da yawa sai ƙwanta ya ragu, gwaiduwa ta yi duhu-duhu in ƙwan ya kwana biyu, ƙyanƙyasa ta lalace. Zakara kuwa ƙarfin irinsa ne ke raguwa. Dafin nan yana da ƙarfi har a shekarun 1970 likitocin ƙasar Sin suka gwada shi a matsayin maganin hana maza haihuwa.

Sabo da haka ɗanyar gurya kada a ba kaji sam. Tunkuzarta ma, in dole ce ta sa, kada ta wuce kashi 1 cikin 20 na haɗin. Kajin da za a ɗebi ƙwansu don gurbi, su da zakaransu, a raba su da ita ɗungum.

Haka kuma irin shuka da aka shafa wa magani, ko na auduga ko na hatsi, a ɓoye shi inda kaji ba su kai. Galan ko kwalbar maganin feshi kada a mai da ita mazubin ruwan kaji, ko an wanke ta sau goma. Ranar da aka yi feshi a gonar bayan gida, a tsare kaji a gida, gama za su bi ƙwarin da magani ya kayar su tsince.

ZAKARA

Kaza tana yin ƙwai ko ba zakara, amma irin wannan ƙwai ba ya ƙyanƙyasuwa ko ta shekara a kansa. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In kaji sun fi haka, waɗansu ba zai kai gare su ba. In kuwa zakaru sun yi yawa, sai su ɓata yini suna faɗa, wannan na hana wancan.

A zaɓi zakara mai kuzari, mai jan tukku, mai tsayayyun ƙafafu, mai faɗin ƙirji. Daga wata 8 zuwa shekara 2 ne ganiyarsa. In ya haura shekara 3, ko ya yi ƙiba ainun, ko ƙafa ta sami rauni, lokacin tukunya ya yi. Ku kuma lura, zakaran kirki ya kan kira kaji su ci, shi ya tsaya yana kallo. In kuka ɗaga shi kuka ji ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa, ku riƙa ba shi nasa abinci a gefe.

Kada zakara ya daɗe yana bin 'ya'yansa da jikokinsa. Jini ɗaya in ya yi ta juyawa a gida ɗaya, ƙyanƙyasa ta kan ragu, 'yan tsaki su fito raunana. Ko wace shekara, ko bayan shekara 2, ku yi musaya da wani ƙauye. Sabon zakara a ware shi mako 2 tukuna, a tabbata lafiya ya ke. In an sake shi cikin kaji, a jira mako ɗaya kafin a fara tara ƙwan gurbi. Irin zakara ya kan zauna a jikin kaza har mako 2 ko fiye, don haka in kuna son 'ya'yan sabon zakara zalla, sai ku jira mako 3 bayan an kawar da tsohon.

Zafin bazara yana rage wa zakara ƙarfi, yana kuma ɓata ƙwai da wuri. Wanda ya sa ƙwai a watan Afrilu kada ya sa ran samun abin da zai samu da kaka ko da damina.

ZAƁEN ƘWAI DA AJIYARSA

A ɗauki ƙwai matsakaici, mai santsin ɓawo, mai tsabta. A bar mai tsagu, da ƙarami ainun, da babba mai gwaiduwa biyu. Kada a wanke shi da ruwa, gama ɓawo yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa kuwa ya kan tura ƙazanta ciki. In da ɗan datti a goge da busasshen ƙyalle.

A kwashe ƙwai kullum, a rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. A bar guda ɗaya mai alama a gurbi don kada kaza ta sake wuri. A jera sauran a tukunyar ƙasa cikin ƙaiƙayi, tsini yana ƙasa, mai faɗi yana sama, a ɗora tukunyar a kan jiƙaƙƙen rairayi kusa da randa. Ko wace rana a ɗan karkata su, yau dama, gobe hagu.

Ƙwan gurbi kada ya wuce kwana 7 a ajiye. Da bazara kwana 3 ko 4 ne iyaka. Kazarmu ta gida ta kan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta nemi kwanci, sai ta ɗauki mako 2 ko fiye tana yi. Kun ga na farkon sun tsufa ke nan. To, ku ci tsofaffin ko ku sayar, ku cika gurbi da sababbi na waɗansu kaji. Kaza ba ta tambayar ƙwan wa aka sa mata.

KWANCI

Ƙaramar kaza ƙwai 8 zuwa 10 ta ke iya rufewa. In an cika mata, na gefe su kan yi sanyi, tana kuma jujjuya su, har sanyin ya zagaya duka. A sa su gaba ɗaya da dare, kada a riƙa ƙarawa daga baya. Gurbi ya zama a lungu mai sanyi da duhu, rairayi mai ɗan laima a ƙasa, busasshiyar ciyawa a sama. A ajiye mata ruwa da tsaba kusa, da toka a kasko don ta yi birgima ta kori ƙwarƙwata da ƙuma. Su ne ke tayar da kaza daga gurbi kafin lokaci. Maganin feshin auduga kada ya kusanci gurbi ko jikin kaza. Ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 ya ke yi, in za a haɗa shi da na kaza sai a riga sa shi da mako ɗaya.

Ran kwana 7 zuwa 10 na kwanci, da dare, ku ɗauki tocila, ku naɗe takarda a bakinta, ku haska ko wane ƙwai ta gefen nan mai faɗi. Abu uku za ku gani. Mai rai yana da jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, da ɗigo baƙi a tsakiya. Wanda ya mutu da wuri yana da jan zobe. Wanda ba kome a cikinsa kuwa haske ke ratsa shi sarai. Ku fitar da biyun nan na baya, kada su ruɓe su fashe a kan sauran.

Tocilar nan ita za ta nuna muku inda laifi ya ke. In masu haske sarai ne suka fi yawa, ku fara duban zakara. In masu jan zobe ne, ku dubi ajiya, ƙwai ya tsufa ko zafi ya buge shi. In kuwa 'yan tsaki sun girma a ciki suka mutu, ko suka kasa fitowa, ku dubi abincin uwa, da ko gurbi ya bushe ainun.

RIGAKAFI

Duk wahalar nan banza ce in annobar hunturu ta shigo gari, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Tun shekarar 1926 aka gane ta, ba ta da magani, amma tana da rigakafi, na allura da na ɗigawa a ido. A yi shi tun iskar hunturu ba ta taso ba, a maimaita yadda likitan dabbobi ya faɗa. Na ido ya kan so maimaici bayan wata 3 ko 4. Gari duka ya yi tare ya fi, gama kaji ba su san katanga ba.

ABIN DA ZA KU RIƘE

1. A gyara abinci mako 2 ko 3 kafin a fara tara ƙwan gurbi.
2. Hatsi, mai gina jiki, ganye, ƙashi, da ruwa kullum.
3. Ba gurya, ba abinci mai fumfuna, ba mazubin maganin feshi.
4. Zakara ɗaya lafiyayye ga kaji 8 zuwa 10, a riƙa sauya shi.
5. Ƙwan gurbi kada ya wuce kwana 7.
6. A haska ƙwai ran kwana 7 zuwa 10.

Jama'a, an ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne. Amma Allah ya ba mu hankali, ya kuma ɗora mana hakkin dabbar da muka ajiye. Ina roƙon maza, in an karɓi kuɗin auduga, a ware wa uwargida ɗan abin sayen tunkuza da na rigakafi. Ranar da bukata ta taso, akurkin nan nata za a nufa.

Ko wane gida ya gwada da kaza ɗaya. Ku ƙidaya ƙwan da kuka sa, da wanda tocila ta fitar, da 'yan tsakin da suka fito. In na dawo kewaye ku faɗa mini, mu duba tare. Mai tambaya ya yi yanzu, ina nan har la'asar.

Allah ya sa albarka a noma da kiwo, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.